Ƙofar Kabuga: wa ya gina ta, kuma yaya aka yi Turawa suka shiga Kano ta nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kullum ta Kabuga nake wucewa in tafi makaranta. Na sha jin ana cewa ta wannan ƙofa Gwamna Lugga ya shiga ya ci Kano. Shin haka ne? Wa ya gina ƙofar, kuma a wane zamani? Sannan ginin da muke gani a wurin yanzu, shi ne na asali?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa, ya ƙara basira. Bari in fara ba ka amsa a gajarce, sannan mu bi ta daki-daki. Gaskiya ne ta Ƙofar Kabuga rundunar Turawan Ingila ta fasa ta shiga birnin Kano, ranar Talata 3 ga Fabrairu, 1903. Amma Lugga ba ya cikin wannan runduna, wani hafsa mai suna Kanar Morland ne ya jagorance ta. Wanda ya gina ƙofar kuwa, bisa abin da ke rubuce, shi ne Wambai Giwa, a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623. Ginin da kake wucewa ta gefensa kuma ba na asali ba ne, na siminti ne da aka yi a wannan zamani namu.

Abin da ke damuna game da Kabuga shi ne an taƙaita tarihinta a kan safiya guda. Ƙofar da ta yi shekara kusan 280 tana aiki kafin Bature ya tsaya a gabanta, yau ba a tuna ta sai da ranar da aka karya ta. Don haka zan fara daga ginin, kafin in zo kan yaƙin.

Ganuwar Kano, wadda mutanen birni suka fi kira badala, ba a tashi ɗaya aka gina ta ba. Babban abin dogaronmu a nan shi ne tsohon kundin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wanda wani jami'in Turawa mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Shekarun da muke ambata duk an ciro su ne ta hanyar lissafa tsawon mulkin kowane sarki a koma baya, saboda haka na sarakunan farko a ɗauke su a matsayin kusan-kusan. Kundin ya ce Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara aikin. An soma daga Rariya, aka yanka shanu ɗari a ranar farko, aka yi ƙofofi takwas. Ɗansa Tsaraki ne ya kammala. A cikin sunayen waɗancan ƙofofi na farko za ka ga Mazugal da Waika da Kansakali, waɗanda har yau muna da su, za ka kuma ga irin su Adama da Tuji da ba su nan yanzu. Babu Kabuga a ciki.

Mataki na biyu na ginin ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, sarkin da ya gina Gidan Rumfa ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Shi ya tura ganuwa ta wajen gabas da kudu, ta Ƙofar Mata har ta zagayo Na'isa ta koma ta haɗe da Kansakali. A wannan lokaci ma filin da Kabuga take yana waje, gonaki ne da saura.

Sai zamanin Nazaki. Lokaci ne na gaba mai tsanani tsakanin Kano da Katsina, an shafe shekaru ana kai wa juna hari. Kundin ya ce Nazaki ya nemi sulhu, Katsina ta ƙi, ta kawo yaƙi, aka gwabza a Karaye, Kano ta yi nasara. Bayan haka sarki ya sake fita wani yaƙin, ya bar Wambai Giwa a gida saboda ba shi da lafiya. Da Wambai ya samu sauƙi sai ya tambayi mutanensa abin da zai yi ya faranta wa sarki rai, tunda bai samu zuwa fagen fama ba. Suka ba shi shawara ya ƙara wa birni girma. Nan ya tara jama'a ya ja sabuwar ganuwa daga Ƙofar Dogo zuwa Gadon Ƙaya, zuwa Dukawuya, zuwa Kabuga, ya kai ta ya haɗe da Kansakali. Ka lura da jerin nan, domin shi ne layin da kake bi yau in ka taso daga Gadon Ƙaya ka bi titin tsohuwar jami'a har shataletalen Kabuga. Duk wannan kusurwa ta kudu maso yamma aikin mutum ɗaya ne da jama'arsa.

Marubucin kundin bai tsaya ga sunayen ƙofofi ba, ya faɗi abin da aikin ya ci. Ya ce kowace safiya Wambai na fitar da ƙwarya dubu ta abinci da shanu hamsin domin masu aiki, har aka gama. Ko da mutum ya ce akwai ƙarin gishiri irin na masu ba da labarin sarakuna, adadin yana nuna mana nauyin abin. Ka dubi yadda ake ganuwa: a haƙo jar ƙasa, a jiƙa, a tattake, a mulmula tubali, a jira ya bushe, a ɗora, a yaɓe, a jira wannan sahu ya sha iska kafin a ɗora na bisansa. Babu mota, babu injin, ɗaukar kai ce da jaki. Aikin rani ne kuma, domin da damina ta faɗi jama'a sun koma gona. Wanda zai ciyar da dubban ma'aikata kullum daga rumbunsa da garkensa, ba ƙaramin mai ƙarfi ba ne a ƙasa.

Da sarki ya dawo ya ga aiki, Wambai ya kuma tarye shi da kyautar dawaki ɗari, kowanne da sulkensa. Sarki ya ji daɗi, ya saka masa da garin Karaye. Daga can Wambai ya riƙa kai wa ƙasar Katsina farmaki, ƙarfinsa ya yi ta ƙaruwa, har fada ta fara tsoron kada ya yi tawaye. A zamanin Sarki Kutumbi, wanda ya gaji Nazaki a 1623, aka tuɓe shi. Mutumin da ya yi wa Kano faɗaɗawarta ta ƙarshe haka ya ƙare, kuma yau da wuya ka samu mai wucewa ta Kabuga da ya taɓa jin sunansa. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai.

Za ka iya tambaya, me ya sa aka kewaye fili da babu gidaje? Ai wannan shi ne hikimar. Ganuwar birnin Hausa ba gidaje kaɗai take tsarewa ba, tana tsare abinci da ruwa da wurin da talakawan karkara za su fake da dabbobinsu in yaƙi ya taso. Maharan wancan zamani dawaki suke da su, ba su da abin rushe katanga, dabararsu ita ce su zauna a waje su jira yunwa ta fito da mutane. Birnin da ke noma gero da dawa a cikin ganuwarsa, yana da rijiyoyi da kududdufai, ya fi ƙarfin irin wannan jira. Baturen nan Clapperton, da ya iso Kano a Janairun 1824 zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Wani Baturen ma, Barth, da ya zo a 1851 ya tarar da haka. Ɓangaren Kabuga na daga cikin inda ya fi zama fili, mai shigowa ta nan sai ya yi tafiya mai ɗan nisa cikin gonaki kafin ya tarar da gidajen farko. Sannan ƙofar tana fuskantar yamma ne, hanyar Gwarzo da Karaye, wato bakin iyakar da ake fafatawa da Katsina. Ba a banza aka ƙarfafa wannan gefe a daidai wancan lokaci ba.

Yanzu ita kanta ƙofar. Ka cire hoton faffaɗan titi daga ranka. Tsohuwar ƙofar birni ƙunci gare ta, iyakarta raƙumi ko jaki da kayansa ya wuce, ko mahayi ɗaya bayan ɗaya. Soro ne mai zurfi da aka huda cikin kaurin ganuwa, an rufe samansa da azara, da gagara-badau a gicciye bisa mashiga. Ƙyauren na katako ne mai kauri, maƙera sun lulluɓe shi da faifan ƙarfe sun kafe da ƙusoshi, yana juyawa a kan turke, ana danne shi da sakata ta ciki. Ta cikin gari ganuwar tana da tudu da masu baka da masu bindiga ke tsayawa, da ƙananan tagogi da suke harbi ta ciki. Ta waje kuwa akwai gwalalo, ramin da aka haƙi ƙasar ginin daga cikinsa, an bar sarƙaƙiya ta cika shi, sai siririyar hanya guda da ke kai mutum bakin ƙyaure. Clapperton ya ce ana buɗe ƙofofin da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta, kuma akwai ɗakunan masu gadi a kowace.

Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, gidansa na nan kusa, sarautar kuma gado ce a mafi yawan lokuta. Shi ke buɗewa shi ke rufewa. Shi ke sanin baƙon da ya shigo da inda za shi, ya kai labari fada in ya ga abin da bai gamsu da shi ba. Ayarin fatake da dare ya riska sai ya yi zango a waje ya jira gari ya waye, komai girman madugunsa. Ana kuma karɓar wani abu a kan kayan da ake shigowa da su kasuwa. Wato ƙofa ita ce wurin tsaro, ita ce wurin karɓar haraji, ita ce kunnen sarki. Gyara kuwa kowace shekara ne bayan damina, domin ginin ƙasa kullum ruwa na cinsa. Ana raba ganuwa kashi-kashi, kowane hakimi da jama'arsa da nasu rabon, a fito gayya, magina na gaba. Ka riƙe wannan batu na gyara, zai dawo mana.

Kada a ɗauka ganuwar Kano ba a taɓa keta ta ba sai 1903. Kwararrafa sun karya Ƙofar Kawaye a zamanin Sarki Kukuna, wajen 1653. A zamanin Sarki Dadi kuma, wajen 1671, sun shigo ta Gadon Ƙaya, wadda ke layi ɗaya da Kabuga a ganuwar Wambai Giwa, suka yi ɓarna har cikin Kurmi. A lokacin jihadi ba a yi yaƙin ƙofa ba, an karya rundunar Sarki Alwali ne a fili, a Ɗanyaya, birni ya buɗe daga baya. A ƙarshen shekarun 1890 rundunar Damagaram ta matso kusa da birni amma ba ta shiga ba. A taƙaice ganuwar ta yi aikinta gwargwadon makaman zamaninta.

To, sai mu zo kan 1903. Tun 1 ga Janairu, 1900, Ingila ta yi shelar cewa Arewa na ƙarƙashinta, Lugga ne babban kwamishina. Kafin ƙarshen 1902 an ci Bida da Kontagora da Yola da Bauci, an kafa sansani a Zariya. Kano ce ta rage a gaba, sai Sakkwato da Katsina. Dalilin da aka kafa hujja da shi ya samu ne a Keffi: a farkon Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Turawa Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya karɓe shi da girmamawa. Ko babu wannan, ni a ganina Turawa za su zo, domin Kano ce cibiyar kasuwancin ƙasar gaba ɗaya, kuma Faransa na matsowa ta arewa, ta riga ta kama Zinder tun 1899.

A cikin wannan hali Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoban 1902, aka naɗa Attahiru. A farkon Janairun 1903, ana gama ƙaramar Sallah, Alu ya tashi zuwa Sakkwato da manyan hakimansa da dawaki wajen 2,000. An yi ta muhawara a kan wannan tafiya, wasu na cewa mubaya'a da neman shawara ya je, wasu na cewa kauce wa yaƙi ya yi. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya ne: ranar da aka zo wa Kano, sarkinta da waziri da mafi yawan barade ba sa gari. An bar tsaron birni a hannun manyan bayin sarki, a gabansu Sarkin Shanu Muhammadu da Sallama Jatau.

Morland ya taso daga Zariya ranar 29 ga Janairu. Rundunarsa ba ta da yawa: Turawa ba su kai arba'in ba tsakanin hafsoshi da ƙananan jami'ai da likitoci, sai sojoji baƙar fata 700 da 'yan kai, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. A nan akwai abin da ba a cika son faɗa ba, amma gaskiya ce: waɗannan sojoji 'yan ƙasa ne, da yawansu Hausawa da Yarabawa, waɗanda aka ɗauka aiki ana biyansu. A hanya garin Bebeji ya rufe ƙofa ya ƙi sallamawa, aka harba igwa a ƙyauren, ya tarwatse, sarkin garin ya rasu a wurin tare da wasu mutanensa. Labarin ya riga su isowa, garuruwan da ke tsakanin Bebeji da Kano ba su sake tsayawa ba.

Da safiyar 3 ga Fabrairu suka tsaya a gaban ganuwa. Ba Kabuga suka fara nufa ba, Dukawuya suka fara taɓawa, wadda rahotanninsu ke kira ƙofar Zariya. Suka harba igwa a jikin ganuwa, harsashin ya nutse cikin ƙasa, bai yi mata komai ba. Lugga da kansa, da ya zo ya gani daga baya, ya rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40, kewayenta mil 11, da ƙofofi 13, ya kuma ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Igwar da suka zo da ita ƙarama ce, irin wadda ake kwancewa a ɗauka a ka, ba ta da abin da za ta yi wa tudun ƙasa mai wannan kauri. Sai suka juya kan ƙyaure, kamar yadda suka yi a Bebeji. Nan ma abin ya faskara, saboda yadda aka gina Dukawuya: an shigar da ita ciki, ganuwa ta lanƙwaso ta rufe mata fuska, babu inda mai igwa zai tsaya daga nesa ya saita ƙyauren kai tsaye, wanda ya matso kusa kuma ya shiga tsakiyar masu harbi ta dama da hagu. Maginan Kano sun yi wannan tsari ne domin mahaya da 'yan baka, sai ga shi ya yi aiki har a kan igwa.

Ganin haka Morland ya matsa yamma zuwa ƙofa ta gaba, ita ce Kabuga. A nan aka samu inda ake hango ƙyauren sosai. Aka saita igwa, aka yi ta dukansa har ya fashe, bindiga mai ruwa kuma na share saman ganuwa don kada masu tsaro su ɗaga kai. Wata 'yar ƙungiya ta kutsa ta cikin ɓarakar, wasu suka kafa tsani suka hau. Da masu tsaron suka ga an shigo, sahu ya watse. Abin da ya taimaki birni shekaru aru-aru, wato faɗin filin da ke bayan ƙofar, ranar nan ya zama illa, domin babu gida ko lungu da za a fake a ci gaba da faɗa, fili ne fetal a gaban bindiga mai ruwa. Waɗanda suka fita ta wasu ƙofofi kuma sojan doki ya bi su. Rahoton Turawa ya ce an kashe wa Kano mutum wajen 300, su kuwa ba su rasa ko ɗaya ba, sai 14 da suka ji rauni.

Ka ga ke nan ba ganuwa ce ta gaza ba. Ƙyauren katako da faifan ƙarfe ne ya haɗu da makamin da ba a yi shi dominsa ba, a ranar da shugabannin gari ba sa nan. Ina faɗin haka ne saboda wani lokaci za ka ji ana magana kamar an buɗe wa Turawa ƙofa ne, ko kuwa Kanawa ba su yi faɗa ba. Sun yi. Sarkin Shanu bai gudu ba, ya koma Gidan Rumfa da 'yan mutanen da suka rage masa, ya tari sojojin da suka nufo fada, a nan aka kashe shi yana kare gidan ubangidansa. Bawan sarki ne, kuma shi ya tsaya a ranar da masu sarautar gado ke nesa. Ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi, Allah ya jiƙansa.

Lugga ya iso Kano ne bayan gari ya riga ya faɗi. Abin da ya sa sunansa ya manne wa labarin shi ne shi ya ba da umarni, shi ne kuma sunan da jama'a suka sani, sai aka riƙa jingina masa duk abin da Turawa suka yi a shekarun nan. Sauran labarin a gurguje: Alu ya samu labari yana hanyar dawowa, ya rabu da rundunarsa da dare ya yi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ja wani ɓangare na rundunar ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, ya yi shahada a can. Wambai Abbas ya dawo da sauran jama'a a farkon Maris, suka shigo ta Ƙofar Kansakali, aka naɗa shi sarki a farkon Afrilu. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya rasu a Burmi ranar 27 ga Yuli, Magajin Keffi na cikin waɗanda suka kwanta tare da shi.

Sai tambayarka ta uku. Bayan 1903 ƙofa ta rasa aikinta. Babu yaƙi tsakanin garuruwa, an daina rufewa da dare, gayyar gyaran shekara-shekara ta mutu. Na ce maka ka riƙe batun gyara: ginin ƙasa kamar gona yake, shekarar da aka daina zuwa a shekarar yake fara lalacewa. Abin da igwa ta kasa yi wa badala, damina da sakaci sun yi shi a hankali. Nauyin gari kuma ya koma gabas, inda Turawa suka zauna a Nasarawa da Bompai, inda jirgin ƙasa ya iso a 1911, inda aka kafa Sabon Gari. Mota ta zo tana neman hanya mai faɗi. Aka huda sababbin ƙofofi biyu, Sabuwar Ƙofa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Ƙofar Famfo da ta samu sanadin aikin ruwan famfo, shi ya sa 13 ɗin da Lugga ya ƙirga suka zama 15 da ake lissafawa yau.

Yammacin birni ya daɗe shiru, sai da makarantu suka zo. Kwalejin Abdullahi Bayero ta zauna a wajen ganuwa daura da wannan layi, ta zama Jami'ar Bayero a 1977, aka gina sabon mazauninta a kan titin Gwarzo, unguwanni suka tashi daga Kabuga har Rijiyar Zaki da gaba. Mashigar da aka yi domin jaki da raƙumi ta zama ɗaya daga cikin mahaɗar motoci mafi cunkoso a Kano, har aka haƙa mata hanyar ƙarƙashin ƙasa. A cikin irin waɗannan ayyuka na faɗaɗa titi aka kawar da tsofaffin gine-ginen ƙofofi da dama aka maye su da na siminti. Ƙofar Na'isa, wadda ke cikin masu sauran kamanninsu na da, an rushe ta a 2010, masana tarihi suka yi ta kuka amma aikin gama ya gama.

A takarda dai ganuwar na da kariya. An ayyana ta cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1959, tana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta tarayya, kuma a 2007 an sa ta a jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A ƙasa kuwa kowa na gani: an ɗebi ƙasarta an yi gini, an cike gwalalo da shara an yanka filaye, wani wurin shaguna sun hau kanta. Ban ce kada a yi titi ba, gari mai miliyoyin mutane dole ya samu hanya. Amma ana iya barin tsohuwar ƙofa a tsaye a ratsa titi ta gefenta, a ware mata hurumi, a riƙa yaɓe ta duk shekara. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na ginin siminti da fenti ba, kuma har yanzu akwai magina a cikin birni da suka gaji aikin tubali da makuba. Ƙofar siminti tana nuna wurin da abu yake a da ne kawai, ba za ta nuna wa yaro kaurin bango ko ƙuncin mashiga ko dabarar lanƙwasa da ta hana igwa aiki a Dukawuya ba.

In kana son ganin wani abu na ainihi, ka je Gidan Makama, daura da fadar sarki, wanda shi kansa gini ne da asalinsa ke komawa zamanin Rumfa. A can aka adana tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, har da na Kabuga, da taswirar da ke nuna yadda aka gina ganuwa a matakai uku. Ka tsaya ka duba yadda aka jera faifan ƙarfen da yadda aka kafe su, aikin maƙeran Kano ne da ƙarfen da aka narka a ƙasar nan. Bayan haka ka bi layin daga Gadon Ƙaya zuwa Kansakali a ƙafa, da safe kafin rana ta yi zafi, ka lura da guntayen badala da suka rage da inda ƙasa ta yi kwari a wajenta, nan ne gwalalon yake. Sannan ka nemi gidan Sarkin Ƙofa, ka yi sallama da ladabi, ka roƙi dattawan gidan su ba ka abin da suka ji daga iyayensu, ka rubuta da sunan wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. In da hali ka ɗauki muryarsu a waya da izininsu, ka kai kwafi sashen tarihi na makarantarku a ajiye.